Sashe na 295-C: Tarihin Dokar Ɓatanci a Pakistan

A kundin laifuka na Pakistan akwai wani sashe da bai wuce jimla ɗaya ba, lambarsa 295-C, wanda ya tanadi kisa ga duk wanda ya taɓa darajar Manzon Allah (SAW). Tun da aka kafa shi a 1986, kotuna sun yanke wa mutane da dama hukuncin rataya a ƙarƙashinsa, amma har yau hukuma ba ta rataye ko mutum ɗaya ba. Waɗanda suka rasa rayukansu kan zargin ɓatanci, kuma sun haura 80, a titi aka kashe su, ko a harabar kotu, ko a hannun jami'in da aka damƙa wa tsaronsu. Asalin maganar ya girmi Pakistan ɗin kanta.

Abin da malaman fiƙihu suka bari

Babu malamin da ya taɓa ɗaukar zagin Annabi da wasa. Saɓanin da ke tsakaninsu a kan hukunci ne: wa ake kashewa, wa ake karɓar tubansa, wa ke da ikon zartarwa. Masu sira sun ruwaito kisan Ka'abu ɗan Ashraf a Madina, sun kuma ruwaito afuwar da aka yi wa Ka'abu ɗan Zuhair, mai ƙasidar Banat Su'adu, bayan ya zo da tuba. Tun daga nan aka fara tambaya: zagi kaɗai ne ya jawo wa na farkon kisa, ko har da zuga Ƙuraishawa da ya yi su yaƙi Musulmi?

Alƙali Iyad, Bamaliken da ya rasu a 1149, ya keɓe ƙarshen littafinsa Ashafa, wanda ake karantawa a masallatanmu da azumi, ga wannan hukunci. Sanannen ra'ayin Malikiyya shi ne Musulmin da ya yi zagi a kashe shi, tuba ba ta ɗauke masa hukuncin duniya. Wanda ba Musulmi ba kuwa, in ya musulunta ya kuɓuta. A 1294 aka zargi wani Kirista mai suna Assaf da zagi a ƙasar Sham. Ibnu Taimiyya ya tsaya kai da fata sai an hukunta shi, har gwamnan Dimashƙu ya sa aka yi wa malamin bulala aka tsare shi saboda hargitsin da ya biyo baya. Assaf ya musulunta ya tsira, shi kuma malamin ya rubuta Assarimul Maslul, littafin da har yau masu tsauri a wannan batu suka fi dogara da shi.

Hanafiyya sun bi wata hanya dabam. A wurin magabatansu, zagin Musulmi ridda ne, kuma ana karɓar tuban mai ridda. Mace ba a kashe ta. Ɗan amana kuma zagi bai warware amanarsa, sai dai ladabtarwa, in ya mai da abin ɗabi'a shugaba ya duba. Daga baya wani ra'ayi ya shigo littattafan mazhabar cewa ba a karɓar tuba, har Ibnu Abidin, muftin Dimashƙu da ya rasu a 1836, ya rubuta littafi sukutum yana nuna kuskure ne na naƙali da aka yi ta kwafa daga wannan littafi zuwa wancan. A riƙe wannan da kyau, domin mafi yawan Musulmin Indiya da Pakistan, 'yan Deobandi da 'yan Barelwi duka, Hanafawa ne. Dukkan mazhabobin kuma sun haɗu a kan cewa aikin alƙali ne, da shaidu adalai, kuma shubuha tana tunkuɗe haddi.

1860: dokar Turawa

Dokar da Pakistan ke aiki da ita ba daga waɗannan littattafai ta faro ba. Bature Thomas Macaulay ne ya jagoranci tsara kundin laifuka na Indiya a 1837, aka kafa shi a 1860. A ciki akwai sassa na 295 zuwa 298, da suka haramta ƙazantar da wurin ibada, da tayar da taron masu ibada, da keta maƙabarta, da furta kalma da gangan don ɓata wa wani rai a kan addininsa. Turawan ba kishin wani addini ya dame su ba. So suke Hindu da Musulmi da Sikh su zauna lafiya a karɓi haraji, shi ya sa dokar ta kare kowane addini, hukuncinta mafi tsanani shekara 2, kuma sai an tabbatar da niyya ko sani.

Wannan kundi ya yi tafiya mai nisa. Daga gare shi aka ɗauko na Sudan a 1899, daga na Sudan aka ɗauko Final Kod na Arewacin Najeriya da ya fara aiki a 1960, zamanin Sardauna. Kwamitin masana da ya ba da shawarar hakan a 1958, babban jojin Sudan Abu Rannat ne shugabansa, kuma akwai alƙalin Pakistan Muhammad Sharif a ciki. Sashe na 210 da ke hukunta cin zarafin addini a kotunan Arewa ɗan wannan zuriya ne.

1924 zuwa 1929: shagon Rajpal

A shekarun 1920 zaman Hindu da Musulmi ya yi tsami a Panjab. Ƙungiyar Arya Samaj na fafutukar mai da Musulmi addinin Hindu, Musulmi na mayar da martani da nasu wa'azin, ƙasidun cin mutunci na fita daga kowane ɓangare. A 1924 wani mai buga littattafai a Lahor, Mahashe Rajpal, ya fitar da wani ɗan littafi da ke izgili ga rayuwar auren Manzon Allah (SAW), ya kuma ƙi faɗin marubucinsa. Gandhi da kansa ya yi tir da littafin. An gurfanar da Rajpal an same shi da laifi, amma a Mayun 1927 mai shari'a Dalip Singh na babbar kotun Lahor ya sallame shi. Ya yarda rubutun na mugunta ne, sai dai ya ce sashen da aka tuhume shi da shi ya hana haddasa gaba ne tsakanin al'ummomi, bai ambaci shugabannin addini da suka shuɗe ba.

Gari ya ɗauki zafi. Kafin shekarar ta ƙare majalisar Indiya ta ƙara sashe na 295-A, mai hukunta cin zarafin addini da aka yi da gangan kuma da mugun nufi. Muhammad Ali Jinnah na cikin kwamitin da ya tace ƙudirin, kuma ya nace a kare masu binciken tarihi da masu suka da zuciya ɗaya. Waɗancan kalmomi biyu, ganganci da mugun nufi, su ne ƙashin bayan dokar.

To amma doka ba ta komawa baya, Rajpal ya ci gaba da zama a shagonsa. Ranar 6 ga Afrilun 1929 wani saurayi ɗan kafinta mai suna Ilmuddin ya shiga shagon ya soka masa wuƙa. Jinnah ne ya tsaya masa a ɗaukaka ƙara, ya soki shaidun, ya roƙi sassauci saboda ƙuruciya. Kotu ba ta karɓa ba. An rataye shi a kurkukun Mianwali ranar 31 ga Oktoba, aka binne shi a can. Musulmin Lahor suka ƙi yarda sai da aka tono gawar aka kawo musu a tsakiyar Nuwamba, suka yi mata jana'izar da ta cika gari.

Iyakar abin da ke rubuce ke nan. Sauran kuwa labarin baka ne da ya yi ta girma: wai mafarki ya yi aka umarce shi, wai ƙuri'a suka jefa da abokinsa ta faɗo kansa, wai gawar ba ta sauya ba. Ana kuma cewa mawaƙi Iƙbal ya yi furuci a wurin cewa ɗan kafinta ya tsere wa masu ilimi da suka tsaya surutu. Ko an yi ko ba a yi ba, da wannan labari yaran Panjab ke tashi, kabarinsa a maƙabartar Miani Sahib wurin ziyara ne, ana kiransa Gazi kuma Shahidi. Tun daga ranar Lahor ta gaji amsa biyu ga tambaya ɗaya, sashen doka da wuƙar ɗan kafinta, kuma mutum ɗaya, Jinnah, ana jingina shi da kowacce.

1947 zuwa 1974

Pakistan ta samu 'yanci a 1947 ta gaji kundin Turawa yadda yake, kuma kusan shekara 30 ƙararrakin ɓatanci ba su taka kara sun karya ba. Rigimar lokacin a kan Ahmadiyya ce. Tarzomar 1953 ta sa aka kafa dokar soja a Lahor, alƙalai biyu, Munir da Kayani, suka binciki lamarin. Sun tambayi manyan malamai ɗaya bayan ɗaya su faɗi wane ne Musulmi, rahotonsu na 1954 ya ce ba a samu biyu da amsarsu ta zo ɗaya ba. A Satumbar 1974, zamanin Zulfikar Ali Bhutto, majalisa ta gyara tsarin mulki ta ayyana Ahmadiyya a matsayin waɗanda ba Musulmi ba. Malaman siyasa suka gane cewa abin da titi ya nace a kai, majalisa za ta sa hannu.

1977 zuwa 1991: Ziya'ul Haƙ

Janar Ziya'ul Haƙ ya kifar da Bhutto ranar 5 ga Yulin 1977, ya rataye shi a 1979. Sojan da ba a zaɓa ba yana buƙatar hujjar zama, shi kuwa Musuluntar da dokoki ya riƙe. A 1980 ya kafa Kotun Shari'a ta Tarayya, ya kuma ƙara sashe na 298-A, ɗaurin shekara 3 kan aibata matan Annabi da iyalan gidansa da sahabbai. A 1982 sashe na 295-B ya zo da ɗaurin rai-da-rai kan wulaƙanta Alƙur'ani. A 1984 aka haramta wa Ahmadiyya kiran kansu Musulmi ko kiran wurin ibadarsu masallaci.

Sai 1986. An zargi lauya Asma Jahangir da wata magana a wani taro, abin da ta musanta. 'Yar majalisa Nisar Fatima ta kai batun zaure, lauya Isma'il Ƙuraishi, wanda ya daɗe yana neman a sa hukuncin kisa, yana mara mata baya. Cikin gaggawa aka zartar da sashe na 295-C, masu magana suna ta nanata cewa ijma'i ne, babu saɓani. Sashen ya ce duk wanda ya taɓa sunan Annabi da baki ko rubutu ko zane, ko da habaici ko shaguɓe, kai tsaye ko a kaikaice, hukuncinsa kisa ko ɗaurin rai-da-rai. Mai karatu ya nemi kalmomin nan biyu na 1927 a ciki, ba zai same su ba. Ba a ambaci niyya ba, ba a ambaci tuba ba, ba a bambanta Musulmi da wanda ba Musulmi ba, ba a kuma gindaya sharaɗin tantance adalcin shaidu irin na fiƙihu ba.

Ƙuraishi bai gamsu ba, ya garzaya Kotun Shari'a. A Oktoban 1990 kotun ta ce kisa ne kaɗai hukuncin, ta ba gwamnati zuwa 30 ga Afrilun 1991 ta cire zaɓin ɗauri. An ɗaukaka ƙara, gwamnatin Nawaz Sharif ta janye. A ganina nan ne gizo ke saƙar. An ɗauko hukunci mafi tsanani daga fiƙihu, aka bar shingayen da fiƙihun ya kewaye shi da su, aka ɗora shi kan tsarin 'yan sandan Turawa, inda ƙorafin mutum ɗaya a caji ofis ya isa a kulle mutum, beli kuma ya yi wuya.

Shekarun 1990

Ba a daɗe ba aka ga sakamako. A 1993 aka zargi wani yaro Kirista, Salamat Masih, da manya biyu da rubuta ɓatanci a bangon masallaci kusa da Gujranwala. Masu ƙara sun ce sun goge rubutun da hannunsu, a kotu kuma suka ƙi maimaita kalmomin, domin maimaitawar ma a wurinsu ɓatanci ce. Haka aka yi shari'ar kisa kan maganar da alƙali bai gani ba bai ji ba, ga lauyoyi na cewa yaron bai ma iya rubutu ba. An harbe ɗaya daga cikin manyan, Manzoor Masih, a 1994 bayan fitowa daga kotu. A Fabrairun 1995 aka yanke wa sauran biyun kisa, cikin watan babbar kotun Lahor ta wanke su, suka tsere Jamus. A Oktoban 1997 aka bi ɗaya daga cikin alƙalan da suka wanke su, Arif Iƙbal Bhatti, har ofishinsa aka harbe shi.

Daga nan ƙananan alƙalai suka koyi darasi: ka yanke kisa ka tsira da ranka, na sama su warware. Na saman kuwa sai bayan shekaru. Ranar 6 ga Mayun 1998 Bishop John Joseph ya harbe kansa a ƙofar kotun Sahiwal don nuna adawa da hukuncin ɓatanci da aka yi wa wani mai suna Ayub Masih. A 2002 kotun ƙoli ta saki Ayub bayan ta bayyana cewa rigimar fili ce a ƙarƙashin ƙarar. Janar Musharraf da ke mulki a lokacin, da duk ƙarfin sojansa, ya sanar a Afrilun 2000 cewa za a riƙa bincike kafin a rubuta ƙara, a watan Mayu ya lashe amansa.

2009 zuwa 2019: kofin ruwa

A Yunin 2009, a ƙauyen Ittan Wali, mata na tsinkar 'ya'yan itacen falsa a gona cikin zafin rana. Aka aiki wata Kirista mai suna Asiya Bibi ta ɗebo ruwa. Wasu suka ce ba za su sha daga abin da ta taɓa ba, cacar baki ta kaure. Bayan kwana 5 limamin ƙauyen, wanda ba ya wurin, ya shigar da ƙara. A Nuwamban 2010 aka yanke mata hukuncin rataya.

Gwamnan Panjab, Salman Taseer, ya ziyarce ta a kurkuku, ya kira sashen baƙar doka, ya ce zai nema mata afuwa. 'Yar majalisa Sherry Rehman ta gabatar da ƙudirin gyara. Ranar 4 ga Janairun 2011, a kasuwar Kohsar ta Islamabad, ɗaya daga cikin masu tsaron gwamnan, Mumtaz Ƙadiri, ya zazzage masa harsasai fiye da 20, ya ajiye bindiga ya ɗaga hannu. Malamai sama da 500 suka fitar da sanarwar kada a sallaci gawar. Da aka kawo Ƙadiri kotu, lauyoyi sanye da baƙaƙen kwat suka yi ta watsa masa furanni. Ana cewa mahaifin Taseer na cikin waɗanda suka yi hidimar jana'izar Ilmuddin a 1929. A Fabrairun 2011 aka janye ƙudirin gyaran, ranar 2 ga Maris aka harbe ministan tsiraru Shahbaz Bhatti.

Taseer bai zagi Annabi ba, doka ya soka. Kotun ƙoli ta faɗi haka ɓaro-ɓaro a Oktoban 2015, ta ce neman gyara dokar da mutane suka rubuta ba ɓatanci ba ne. Aka rataye Ƙadiri ranar 29 ga Fabrairun 2016, dubun dubatar mutane suka sallace shi a Rawalpindi, aka gina hubbare a kan kabarinsa. Daga wannan taro jam'iyyar Tehreek-e-Labbaik ta Khadim Hussain Rizvi ta samu ƙarfi. A Nuwamban 2017 ta toshe hanyar shiga Islamabad har ministan shari'a ya sauka, a zaɓen 2018 ta samu ƙuri'a sama da miliyan 2. Abin lura, 'yan Barelwi ne, mutanen ɗariƙa da mauludi da begen Annabi, waɗanda a da ake yi wa kallon masu sanyin hali.

Ranar 31 ga Oktoban 2018 kotun ƙoli ta wanke Asiya. Ta ce ƙarar ta makara ba dalili, shaidu sun saɓa wa juna, har taron da aka ce ta amsa laifi a gabansa wani ya ce kimanin mutum 100 ne, wani ya ce sun haura 2,000. Ƙasa ta tsaya cik kwana 3. A Mayun 2019 ta bar Pakistan zuwa Kanada.

Muhawarar da ta rage

Masu kare dokar suna da hujjar da ba a raina ta. Suna cewa darajar Manzo ta fi ran kowa, kuma in babu doka kowa zai zama Ilmuddin. Dokar ce ke kai mai laifi gaban alƙali. Suna ƙarawa da cewa kowace doka ana cin zarafinta, ba a soke dokar kisan kai don an yi shaidar zur, kuma Ingila ma sai 2008 ta soke tata dokar ɓatancin. Matsalar hujjar cewa doka ce ke hana kowa zama Ilmuddin ita ce lissafi bai goyi bayanta ba. Kashe-kashen bayan 1986 suka yawaita. Wata cibiyar kare haƙƙi a Lahor ta ƙirga mutum aƙalla 1,855 da aka zarga daga 1987 zuwa 2020, kusan rabinsu Musulmi, kashi ɗaya cikin uku Ahmadiyya. Mashal Khan, ɗalibin da 'yan uwansa ɗalibai suka kashe a jami'ar Mardan a Afrilun 2017, Musulmi ne, binciken hukuma kuma bai samu ɓatancin da ya yi ba.

Daga cikin malamai ma an samu masu magana. Javed Ahmad Ghamidi ya ce hukuncin ba shi da tushe a Alƙur'ani, barazana ta kore shi Malesiya a 2010. Wani matashi mai bincike, Arafat Mazhar, ya bi littattafan Hanafiyya ɗaya bayan ɗaya ya nuna ijma'in da aka yi iƙirari a 1986 babu shi, kuma an kafa hujja da Ibnu Abidin kan abin da shi Ibnu Abidin ɗin ya ƙaryata. A 2012 Tahir Ashrafi, malamin da ba a san shi da sassauci ba, ya tsaya wa wata yarinya da aka zarga, Rimsha Masih, har kotu ta kori ƙarar. A 2014 kuwa, da aka zargi fitaccen mai wa'azi Junaid Jamshed da sakin baki kan Nana A'isha (RA), ya nemi gafara a bidiyo, manyan malamai suka ce a karɓa. Ƙofar tuba tana buɗewa ga mai gata. A shekarar ce aka harbe lauya Rashid Rehman a Multan saboda kare malamin jami'a Junaid Hafeez, wanda aka yanke wa kisa a 2019.

Yanzu fagen ya koma waya. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta gwamnatin Pakistan ta ba da rahoto a 2024 cewa masu zaman kurkuku kan zargin ɓatanci sun kai 767 a tsakiyar shekarar, mafi yawansu samari Musulmi da aka kama kan saƙonnin WhatsApp da Facebook. Iyalansu suka kai kuka babbar kotun Islamabad cewa akwai gungun da ke ɗana wa yara tarko a intanet, a tura musu abin ɓatanci, in sun tura gaba a kama su a nemi kuɗi. A Yulin 2025 alƙalin da ya saurari ƙarar ya umarci gwamnati ta kafa kwamitin bincike cikin kwana 30. Kafin watan ya ƙare, wasu alƙalai biyu na kotun suka dakatar da umarnin.